Ɗakin Ajiyar Mama Sarah

Samaru, Zariya
Litinin, 3 ga Maris

Yaya Felix,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kai da Anti Peculiar da yara kuna lafiya, zafin Kafanchan kuma bai kai namu ba.

Ka ce daga yanzu duk maganar kayan Mama a rubuce kake so, kada wata rana wani ya ce ba haka aka yi ba. To ga shi a rubuce. Zan riƙa ba direban motar Kafanchan wasiƙun, tunda waya ba ta ɗaukar sa hannu.

Na samo mai kimanta kayan da lauya ya ce kotu za ta nemi takardarsa kafin a raba gado. Sunansa Mista Callistus Obi, ofishinsa yana unguwar PZ, saman wani shagon fenti. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina. Da na ba shi kujera a falon Mama, sai da ya kifa ta ya duba ƙasanta kafin ya zauna.

Ga kuɗinsa. Zuwa ganin kaya, naira dubu talatin. Kowane abu da ya rubuta, dubu huɗu, amma cokula da kwanuka da irinsu a dunƙule yake ɗaukarsu. Takardar ƙarshe mai hatimi, dubu ashirin da biyar. Na tambaye shi me ya sa ba ya karɓar kaso daga jimlar darajar kayan, yadda na ji wasu na yi. Ya ce mutumin da ladansa ke hawa da tsadar kaya, ko tsintsiya ya gani zai ce ta tarihi ce.

Aikin nasa ba gaggawa. Yana ɗaukar hoto, ya auna, ya liƙa wa abu lamba, sannan ya shiga kasuwa ya tambayi masu sayar da irinsa aƙalla mutum uku. Kowane abu kuma farashi uku gare shi: abin da za a kashe a sayi sabo, abin da mai saye zai biya ba tare da an matsa wa kowa ba, da abin da za a samu idan aka zube shi a gwanjo. Na tsakiyan kotu take so, kuma farashin ranar rasuwa. Wato Mama ta tsaya ranar Laraba, firjinta ma ranar Laraba ya tsaya.

Kayanta na kanta ba su ba shi wahala ba. A ƙofar ɗakin baya ya ja birki.

Ka san ɗakin. Kayan mutanen da suka bar wa Mama ajiya duk lokacin da gari ya rikice, suka hau motar kudu da alkawarin dawowa idan abu ya lafa. Da yawa sun dawo sun karɓa. Goma sha ɗaya ba su dawo ba. Sunayensu na nan a bango da alli, kowa a saman kayansa, da rubutun Mama, wanda take bi ta sabunta duk farkon shekara. Har makon da ta kwanta tana goge kayan nan ranar Asabar.

Mista Callistus ya ce shi dukiyar mamaci yake yi wa kuɗi, ajiya kuwa ba gado ba ce. Ba zai taɓa su ba sai magaji ya rubuta masa cewa a lissafa su cikin na Mama.

Ni da za a bi tawa, a bar ɗakin yadda yake. Amma ban tabbata ina da bakin magana ba. Ranar jana'iza, a gaban matan zumunta na coci, ka tuna mini cewa ni ma ajiya ce. Ban manta ba, Yaya. Akwatin Madam Daberechi shi ne na goma sha ɗaya, na jikin taga, na kuma san ranar da ta kawo shi ba shi kaɗai ta ajiye ba. Shekara talatin da takwas ke nan ina jira in ji ko ni 'yar gidan ce ko ina cikin kayan ɗakin baya.

Sai na ji daga gare ka. A gaida kowa.

Ƙanwarka, idan ka amince,
Edith

*

Kafanchan
Alhamis, 6 ga Maris

Edith,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta, har da baƙar maganar.

Kuɗin mutumin ya yi yawa, amma tunda kotu ke so, a yi. Na tura masa rabi ta banki.

Game da ɗakin baya, na rubuta masa kai tsaye cewa a kimanta komai a haɗa da na Mama. Wanda ya yi shekara talatin bai waiwayi kayansa ba ya yafe su. Ina so a kwashe ɗakin kafin ƙarshen wata, domin na yi magana da wanda zai kama haya.

Abin da na faɗa ranar jana'iza ban faɗa don cin fuska ba. Gaskiya ce, kuma ina wurin aka yi ta. Daberechi ta kawo akwati da jaririya 'yar wata huɗu, ta ce sati biyu za ta yi a gida ta dawo. Daga baya labari ya zo cewa ba ta ma isa ba. Mama ta riƙe ki, Baba ya ba ki sunansa don makaranta, amma babu takardar da aka yi. Haka na bayyana wa mai kimanta kayan, don ya san sunan magaji ɗaya zai sa. Wannan ba zai hana in ba ki wani abu daga cikin zannuwan Mama ba.

Ki riƙa zuwa kina buɗe masa gida, tunda ke ce a kusa.

Allah ya kiyaye.

Felix Sati

*

Samaru, Zariya
Alhamis, 13 ga Maris

Yaya Felix,

Gaisuwa mai yawa. Na gode da alkawarin zani. Zan zaɓi wanda bai koɗe ba.

An fara ɗakin baya, kuma ya fara raguwa, sai dai ba ta hanyar da ka tsara ba.

Ranar Litinin Mista Callistus ya ɗauki lamba ta ɗaya, agogon bangon nan mai akwatin katako, wanda aka rubuta Baba Remi a samansa. Ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya ce cikinsa lafiya lau, sai dai ya daɗe da tsayawa. Ya tafi ya zaga wurin masu gyaran agogo, da yamma ya kira ni ya ce ya tsayar da dubu arba'in da biyar.

Talata ba ni da aji, sai na je Sabon Gari in ninke kayan Mama. Wajen sha ɗaya da rabi, rana ta take, ko kaji sun shige inuwa, aka yi sallama. Wani dattijo ne Bayarabe, da riga da wando na yadi ɗaya masu guga, da hula a karkace. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya tambayi lafiyarka, har ya ambaci sunanka. Sannan ya ce, “Na ji an yi wa agogona kuɗi. Na zo in ɗauka.”

Ba faɗa a muryarsa. Kamar wanda ya zo karɓar ɗinki.

Ban nuna masa hanya ba. Ya bi ta bayan kicin, ya tsallake matakalar nan da ta fashe ba tare da ya kalli ƙasa ba. Ya sauke agogon, ya ɓare lambar Mista Callistus a hankali ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce Sarah ta iya riƙon amana, ko tsatsa babu. Ya sa babban yatsa ya goge sunansa daga bango. Yana ratsa tsakar gida da agogon a ƙirji na ji ya fara tafiya, ƙas, ƙas, ƙas, har ya fita ƙofa.

Abu ɗaya na lura, ka san halina na lura da abin da ba a tambaye ni ba. Ni ina zaune a inuwa rigata ta jiƙe. Shi ya taho cikin wannan rana, ya ɗauki agogon da ya kai nauyin rabin buhun siminti, goshinsa a bushe.

Na fito in tambayi Iya Tobiloba, maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ko ta gan shi. Na tarar da kasko a wuta, mai yana ƙonewa, ita ta shige ɗaki ta sa sakata. Da ƙyar ta buɗe. Ta jawo wata tsohuwar robar wanka daga ƙarƙashin gado, irin wadda ake rabawa a wurin jana'iza. Ta ce da ƙafarta ta je garinsu aka binne shi, shekara ashirin da shida da suka wuce. Hoton da ke jikin robar ya koɗe, amma hular tana karkace ta gefen da na gani.

Na yi digiri biyu a kimiyyar ƙasar noma, Yaya, ba a taɓa koya mini abin da ake ce wa mamaci idan ya yi sallama ba. Sannu da zuwa na ce masa. Har ruwa na miƙa, ya ce ya gode.

Jiya Laraba aka zo ɗaukar lamba ta biyu, kan keken ɗinki na Madam Happiness, wanda aka yi wa dubu sittin ranar Talata da yamma. Mace ce mai fara'a. Ta ce in gaida Mama, sai ta yi dariya ta ce a'a, bari, ita za ta gaishe ta.

Saura tara. Ba sai na ƙirga maka wanda ke ƙarshe ba.

Ka huta lafiya.

Edith

*

PZ, Sabon Gari, Zariya
Talata, 18 ga Maris

Malam Felix Sati,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai inda aiki ya tsaya.

Kayan marigayiya na kanta an gama, abu ashirin da uku. Na ɗakin baya na kimanta goma cikin goma sha ɗaya, bisa umarninka. Duka goman ba sa gidan yanzu. Kowanne, washegarin ranar da na tsayar da farashinsa, mai shi ya zo kafin azahar ya ɗauka a gaban Malama Edith. Biyu daga ciki ina wurin.

Na yi zargin wani ne ke jin farashin yana kai labari, don haka na gwada. Lamba ta shida na bar ta kwana uku ban rubuta komai ba, babu wanda ya zo. Lamba ta bakwai da ta takwas na rubuta su a ofishina da fensir, na kulle a durowa, ko matata ban gaya wa ba. Da safe masu su suka zo tare, suna hira.

Shekarata ashirin da biyu a wannan aiki. Na ga magada sun ɓoye kaya, na ga sun yi dambe a kan tukunya. Wannan ban taɓa gani ba, kuma ban san a wane layi zan sa shi a takardar kotu ba. Ba zan iya rubuta darajar abin da ba ya nan cikin dukiyar marigayiya ba. Kuɗin aikin goman, dubu arba'in, yana nan, domin an yi aikin.

Saura akwatin Madam Daberechi. Ina roƙon ka janye shi. Na yafe dubu huɗunsa, takardar ƙarshe ma zan rage maka.

Dalilina shi ne wasiƙarka ta ranar 6 ga wata. A ciki ka rubuta mini cewa abu biyu matar nan ta bari a gidan, ka ambaci akwatin, ka ambaci Malama Edith, ka kira su ajiya. Ni a aikina abin da magaji ya rubuta nake bi. Ban sani ba ko masu zuwan nan ma shi suke bi.

Ina jiran amsarka.

Naka cikin aiki,
Callistus Obi

*

Kafanchan
Juma'a, 21 ga Maris

Edith,

Gaisuwa. Na ga taki, na ga ta mutuminki.

Ban yi zaton mai karatu irinki za a yi wa wannan wasa ba. 'Yan damfara ne. Wani a unguwar ya karanta sunayen a bango ya turo mutane, ku kuma kun tsaya kuna ba su ruwa. Hoton jikin roba kowane tsoho zai iya kama da shi.

Ki gaya wa Obi ba na son ragi. Na biya a yi aiki, a gama shi. Ya buɗe akwatin ya rubuta abin da ya gani, mai haya zai shigo ɗaya ga wata.

Ba ki faɗa ba ko dattijon yana ɗingishi. Baba Remi yana jan ƙafar hagu, babur ya taɓa kaɗe shi a gaban gidanmu. Ba don komai na tambaya ba.

Felix

*

Sabon Gari, Zariya
Alhamis, 27 ga Maris

Yaya Felix,

Ina gaisuwa. Daga falon Mama nake rubuta wannan, don in samu motar yamma.

Yana ɗingishi. Hagu.

Jiya aka buɗe akwatin. Mista Callistus ya zo da wasiƙarka a hannu kamar takardar sammaci, ya sake tambayata ko in kira ka. Na ce masa magaji ya yi magana. Gaskiya kuma ni ma na gaji da kallon akwatin nan a rufe. Tun ina firamare nake wuce shi da tsintsiya.

Ba wani abin kirki a ciki. Atamfa turmi biyu da ba a yanka ba, faranti huɗu, takalmin zuwa coci, da kayan jarirai a ƙulle cikin ɗankwali. Akwai katin asibiti, an rubuta Chimdi, mace, kilo uku da ɗigo ɗaya. Ashe ina da nauyi tun farko.

Ya auna atamfar, ya ce asu ya taɓa gefe ɗaya. Ya yi wa akwatin da abin da ke ciki dubu goma sha takwas. Kayan jariran ya juya su ya juya, sannan ya rubuta a gabansu: babu farashi a kasuwa. Biron ya ƙi ci sau biyu, na ara masa nawa.

Yau ta zo, sha ɗaya da kwata.

Na shirya wa abubuwa da yawa, ban shirya wa wannan ba: yarinya ce. Ba ta wuce ashirin da uku ba. Da a ajina na gan ta, da na ce ta zauna a gaba. Doguwa, da wushirya irin wadda nake gani a madubi, ɗaure da zanin da aka daina yayinsa tun kafin in iya tafiya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mini Anti. Ta yi ta'aziyya. Ta ce hanya ce ta yi tsawo.

Ta shiga ɗakin baya, ta ɓare lambar, ta naɗe gammo ta ɗora akwatin a ka ba tare da na kama mata ba. Na tsaya ina jiran ta goge sunanta kamar sauran. Ba ta goge ba. Ta juyo da akwatin a kai ta ce, “Abu biyu na ba Maman Felix. Ina ɗayan?”

Na ce mata ni ba ni da ikon ba da komai a gidan nan, magajin yana Kafanchan. Wannan dai ka koya mini, kuma ya yi amfani.

Sai ta dube ni. Ba fuskata ta fara duba ba, kunnuwana ta duba, da hannuwana, da ƙafafuna, yadda ake duba jariri bayan wanka a ga ko komai ya cika. Ta daɗe tana yi. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci. Ta ce ban ci da yawa ba.

Ta ce ba komai, ba ta son ɗaukar abin da ba a ba ta ba. Za ta kai akwatin ta dawo ranar Litinin, a tambayi magajin kafin nan. Idan har yanzu ajiya ce, za ta tafi da abinta. Idan kuma ta zama ta gidan, sai a faɗa mata, ta goge sunanta ta huta.

Ba zan ɓoye a Samaru ba. Wadda ta gano hanya daga inda ta fito ba za ta ɓace tsakanin Kwangila da ƙofar jami'a ba. Kuma tunda a rubuce muke komai, bari in rubuta wannan ma: da ta tambaye ni ko na ci abinci, ban ji tsoro ba. Tun da Mama ta kwanta babu wanda ya yi mini wannan tambaya. Idan ta miƙo hannu ranar Litinin, ban san abin da ƙafafuna za su yi ba.

Mista Callistus ya ce shi nasa ya ƙare, wannan ba abin da tef ke aunawa ba ne. Saura kai. Motar Asabar tana isowa kafin la'asar. Ka rubuta ko mece ce ni, ka sa hannu.

A gaida Anti Peculiar. Ka ce wa yara Anti Edith tana gaishe su, ko Chimdi, duk wadda ta tabbata.

Edith

*

Kafanchan
Asabar, 29 ga Maris

Zuwa ga Madam Daberechi,
ta hannun Edith Sati.

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ne Felix, ɗan Sarah. Kin san ni tun ina ɗan shekara tara.

Akwatinki kin karɓa, mun sauke nauyinsa. Abu na biyu da kike tambaya babu shi a ɗakin ajiya. Uwarmu ta shayar da ita da cokali, ubanmu ya ba ta suna, ni na kwana da ita a asibiti lokacin da ta yi ƙyanda. Ƙanwata ce. Abin da na rubuta a baya saɓanin wannan, son zuciya ne, na janye shi. Na aika wa Obi ya sa suna biyu a takardar kotu.

Mun gode da kika bar mana ita. Ki yi haƙuri, ki goge sunanki.

Idan takarda ba ta ishe ki ba, zan taso da motar farko ranar Litinin. Da ni za ki yi magana.

Naki cikin ladabi,
Felix Sati

Edith, ki ci abinci. Kada ki buɗe ƙofa sai na iso.